Turken Ruwa Ya Tsaya a Arba'in da Uku

Litinin, bayan asuba

Arba'in da shida.

Na sayi wannan littafin ne don abin da ba ya shiga allo. Allon mashigar jirage lamba kawai yake ɗauka. Shekara goma sha ɗaya ke nan tun rasuwar Baba nake fita bayan sallar asuba, in duba turken katakon da ke kafe cikin ruwa a gefen mashiga, in ga zanen da ruwa ya tsaya a kai, in rubuta da alli. Ban taɓa jin ina bukatar wani littafi ba sai bana. Ruwa yana ja da baya, kusan zane ɗaya kullum, kuma mutanen gari sun koma gaishe ni sau biyu.

Jan zane yana kan arba'in. In ruwa ya sauka ƙasa da shi, babu jirgin da zai bi ta kan tsohon gari. Haka Baba ya bari, haka kowa ya yarda.

Saura kwana goma sha uku taro.

Talata, da hantsi

Arba'in da biyar.

Bari in rubuta abin da taron yake, ko wani zai karanta wannan bayan raina. Bana shekara arba'in da aka rufe dam, ruwa ya ci tsohon garinmu. Ina da shekara tara lokacin. Rabin mutane suka hau tudu suka sake gini, su ne mu. Rabin kuma suka ɗaure kayansu suka watse, wasu ba su sake waiwayowa ba. Mu da muka zauna manoma ne babu gona, sai Allah Ya kawo baƙi masu son kallon ruwa. Maza suka koyi tuƙa kwale-kwale, mata suka gyara ɗakuna da abinci, har yau da shi muke ci. Baƙo zai zo, a tuƙa shi zuwa tsakiya, a ce masa nan kasuwa take, nan masallaci, ya leƙa bai ga komai ba, ya koma gida yana murna.

Gidajen ƙasa sun narke tun shekarar farko. Katangar masallaci da ginshiƙan kasuwa kuwa na dutse ne, suna nan tsaye a ƙarƙashi. A shekara ta uku jirgi ya hau kan katangar ya tsage, mutum biyu suka tafi. Baba yana cikin waɗanda suka tsamo su. Bayan kwana bakwai ya kafa turke.

To bana an aika wa duk waɗanda suka watse, su zo ranar Lahadi ta sama. An yi hayar babban jirgin inji daga wancan ƙetaren, zai kwashi tsofaffi gaba ɗaya ya ratsa da su ta kan gidajensu.

Gwaggo, ƙanwar Baba, a gidanmu take tun da idonta ya tafi. Ina shigowa ta ce, "Ke 'yar nan, nawa yau?"

Na faɗa mata. Ta yi ta motsa yatsu a kan cinyarta, sannan ta ce, "Ubanki ma haka yake. Shekara da shekaru bai taɓa shigowa gida da lamba mai daɗi ba."

In Gwaggo da ba ta gani ta ƙirga kwanakin, kowa ma ya ƙirga.

Laraba, bayan la'asar

Arba'in da huɗu.

Mai masauki ta zo gidanmu. Ita ce ke da manyan ɗakunan da ke kallon ruwa, kuma tun da aka yi mini aure ba ta taɓa tako ƙofar nan ba sai gaisuwar mutuwa. Ta kawo sabulu da turare a leda.

"Malama, na ce bari in leƙo ki. Kullum ke ce cikin sanyin asuba, babu mai ce miki sannu."

Na ce na gode.

"Shi ruwa ai haka yake, ko? Yau ya sauka, gobe ya hau. Wani lokacin ma ido ne."

Na ce mata idona lafiya lau, alhamdu lillahi. Ta yi dariya har da tafa hannu, kamar na yi wani abin ban dariya.

Na ɗora ledar a kan kabad ban kwance ba. Na san abin da aka karantar da mu a kan zato. Wataƙila sabulu ne kawai.

Maigida yana tsakar gida tun safe, benci na tara yake haɗawa na cikin babban jirgin. Shi kafinta ne, shi ya sassaƙa turken nan na yanzu da na Baba ya ruɓe, shi ke sake masa fenti duk shekara. Wansa ya aiko cewa zai zo. Rabonsu tun ranar da aka tashi daga tsohon gari, maigida yana da shekara goma sha biyu, wan ya yi fushi da hawan tudu ya tafi. Takardar tana aljihun rigarsa. Na ga ya fito da ita sau uku yau, alhali layi huɗu ce.

Alhamis, bayan asuba

Arba'in da uku.

Juma'a, bayan asuba

Arba'in da uku. Alhamdu lillahi. Wataƙila sun rage sakin ruwa a dam.

Asabar, bayan asuba

Arba'in da uku.

Mai shayin bakin mashiga ya ɗaga mini hannu tun daga nesa. "Malama, hannunki da albarka!" Na ce ba hannuna ba ne.

Lahadi, bayan azahar

Arba'in da uku.

Na je wanki a matakala. Matakalar dutse ce da ke gangarawa daga tudu zuwa tsohuwar kasuwa, yanzu rabinta a ruwa take, mata suna wanki a kai. Ban je don ƙirga ba, Allah Ya sani. Amma ƙafata ta saba. Ina sauka ina ƙirgawa kamar yadda wasu ke jan carbi ba su sani ba.

Goma sha biyu a bushe.

Na dawo na buɗe akwatin Baba na ɗauko littafinsa. Da ajami ya rubuta shi, tawadar ta koma ja. A shafin farko ya jera matakala da zane gefe da gefe, kowace matakala zane uku. Arba'in da uku, matakala goma sha ɗaya. Arba'in cif, goma sha biyu.

Na koma na sake ƙirgawa daga sama, ina taɓa kowace da hannu. Matan da ke wanki suna kallona. Wata ta ce, "Malama, ɗan kunne ya faɗi ne?" Na ce a'a. Babu wadda ta ƙara tambaya, kuma wannan ne ya fi damuna. A garin nan in ka sunkuya ɗaure takalmi sai mutum uku sun tambaye ka.

Litinin, bayan asuba

Arba'in da uku.

Litinin, bayan magariba

Bayana ne ya fara faɗa mini, ni ce ban saurara ba. Akwai ƙusa a kan turken inda nake rataye jakar allina in zan rubuta. Shekara goma sha ɗaya ina miƙa hannu daga kan mashiga in rataye ba tare da na duba ba. Kwana uku ke nan ina sunkuyawa.

Ruwa bai tsaya ba. Turken ne ke bin sa ƙasa.

Turke ba ya nutsewa da kansa zane ɗaya kullum, daidai, kamar mai shan magani.

Talata, da hantsi

Arba'in da uku.

Na tsaya a mashiga bayan na rubuta, ina kallon kwale-kwalen da suka fita da baƙin safe. Da, kai tsaye suke miƙewa zuwa tsakiya. Yau duk sai da suka karkata hagu, suka yi kwana, suka dawo dama, ɗaya bayan ɗaya. Na san wannan kwanar. Hanyar kasuwa ce, wadda muke bi da tallar Inna. Suna bin tsohuwar hanya don kada su hau gini. Ashe sun sani.

Na jira Auta. Ƙanena ne, shi ne shugaban masu kwale-kwale, ni na goya shi ranar da muka hau tudu.

Na ce, "Auta, me ya sa kuke kwana?"

"Baƙi sun fi son a zagaya da su, Yaya. Sun ce ya fi daɗin hoto."

"Matakala goma sha biyu a bushe, ta sha uku ta fara leƙowa."

Ya ci gaba da naɗe igiya bai kalle ni ba. "Yaya, ke aka ba turke. Ba a ba ki matakala ba. Matakala ta masu wanki ce."

"Wa ke taɓa turken?"

"Me Baba yake ce miki? Kada ki rubuta abin da kike tsammani, ki rubuta abin da kika gani. To me kika gani yau?"

"Arba'in da uku."

"Shi ke nan. Kin yi ƙarya?"

Ban yi ƙarya ba. Tun ɗazu nake juya maganar. Ban yi ƙarya ba. Amma ban taɓa jin maganar Baba ta yi ɗaci a bakin mutum ba sai yau.

Auta ne. Yana da jirgi, yana da ƙarfi, yana da bakin kare kansa. Auta ne, ko mai masauki ta sa wani. Allah Ya yafe mini in ba su ba ne.

Laraba, bayan asuba

Arba'in da uku. Na rubuta da ƙananan baƙaƙe, kamar hakan zai rage wani abu.

Laraba, bayan la'asar

Ina sharar bayan ɗakin aiki na tsinci tsohon zanena, mai ruwan ƙasa, wanda na daɗe da mayar da shi tsumma. An ninke shi huɗu, a jiƙe yake, tsakiyarsa ta huje, ga ɓarɓashin farin fenti a manne. Irin ninkin da za a yi in ana so a buga abu kada a ji ƙara.

Na wanke shi na shanya a bayan ɗaki inda ba a gani.

Yara suna shigowa gidan nan. Maƙwabta suna aron kayan aiki kullum. Auta ma yana shigowa ba sallama.

Alhamis, bayan asuba

Arba'in da uku. Matakala goma sha uku.

Zanen ba ya kan igiya.

Alhamis, bayan azahar

Gwaggo ta sa na fito mata da kayanta na akwati, wai a sha iska kafin Lahadi. Ta ce a jirgi a zaunar da ita ta dama, don gidansu yana dama da masallaci in an fito daga tudu.

Na ce, "Gwaggo, ai ba za ki ga komai ba. Masu ido ma ba sa gani."

"To ai shi ya sa ni ce zan fi kowa morewa. Ku kuna leƙe kuna ganin fuskokinku, ni kuwa zan ga garin."

Sai ta ce, "Nawa yau?"

Na faɗa.

"Ikon Allah. Ruwan nan ya koyi ladabi da girmansa." Sai ta ƙara da cewa, "Mijinki ya zama na Allah kwanan nan. Tun kafin ladan ya yi gyaran murya nake jin ƙofa."

Na ce aiki ne ya yi masa yawa, yana so ya yi sallah da wuri.

"Uhm," in ji ta. "Aiki."

Na tara wanki. Akwai baƙar laka a ƙafar wani wando. Baƙar laka tana wurare da yawa a bakin tafkin nan, na tabbata. Ni dai wuri ɗaya na sani, amma ai ban zagaye tafkin duka ba.

Juma'a, bayan asuba

Arba'in da uku.

Juma'a, bayan la'asar

Na karanta abin da na saba karantawa ranar Juma'a, na kai ƙarshe ban san na fara ba. Na sake daga farko.

Ga abin da nake ta faɗa wa kaina. Masu kwale-kwale sun san hanya. Kwana takwas suna kai baƙi suna dawowa, ko ƙwarzane babu. Wanda ya yi abin nan, ko wane ne, ba mugu ba ne, ya san Auta da mutanensa za su kauce wa gini. In na yi magana, mutum sittin da suka taso daga nesa za su tsaya a gaɓa suna kallon ruwa. Gwaggo ba ta da wata shekara arba'in. Wasu ma da ba zan ambata ba.

Da rana maigida ya kira ni in ga bencin ƙarshe. Ya goge shi har yana sheƙi. Ya ce, "Wannan na gaba ne. Nan wana zai zauna, ni ina gefensa, in nuna masa ƙofar gidanmu. Kin san shi ya sassaƙa mini jirgin wasa na farko? Da ɓawon kuka. Ashe da jirgi za mu koma garin."

Tafin hannunsa na dama ya yi bororo biyu, sun fashe. Shekara talatin yana riƙe zarto, hannun nan bai taɓa fashewa ba.

Na ce benci ya yi kyau. Na kawo masa man shafawa. Bai tambaye ni na mene ne ba.

Asabar, da hantsi

Arba'in da uku. Ta goma sha huɗu ta fara bayyana, mai tsaga a tsakiya.

Asabar, bayan magariba

Sun iso. Mota uku. Gari ya cika da tsofaffi masu tsayawa a tsakiyar hanya suna riƙe hannun juna suna cewa kai ne, ke ce. Wata ta rungume ni tana kiran sunan Inna.

Wan maigida dogo ne, ya rame, da sanda. Sun tsaya a ƙofar gida suna kallon juna, sai wan ya ce, "Kai, wa ya ba ka izinin yin furfura kafin ka tambaye ni?" Maigida ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, na shige madafa.

Tun da wan ya zo bai kalli tafkin ba. Ya zauna ya ba shi baya. Ya ce shi fa ba ya shiga ƙaramin jirgi ko da za a yanka shi, don an ce masa babba ne mai inji ya sa ya yarda ya zo.

Babban jirgin ya iso da la'asar. Direban ba ɗan nan ba ne, mutum ne mai ƙiba, mai yawan fara'a. Ya tambaya wa ke rubuta allo, aka nuna masa ni.

"Malama, ke ce mai lambar? To Allah Ya saka. Ni ban san ruwan nan ba, ban taɓa shigarsa ba. Jirgina kuma mai nauyi ne, in ya cika cikinsa yana nutsewa sosai. An ce mini daga arba'in zuwa sama in bi duk inda na ga dama." Ya nuna allon da haɓa. "Wannan ne idona gobe."

Na ce Auta zai shiga ya nuna masa hanya?

"Wace hanya kuma? Ai ruwa ne. Kuma faɗin jirgina ya yi uku na nasu."

Hanyar kasuwa jaki biyu ba sa wucewa a jere. Na tuna.

Mai masauki tana tsaye a bayansa tana yi mini murmushi.

Lahadi, kafin fita

Na ji ƙofa. Na ji ta sake buɗewa. Na yi sallah. Na ɗauki littafin Baba na sa a jakar alli.

Ya Allah, Ka san ba na son kunyata kowa.

Lahadi, bayan isha'i

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Turke ya ce arba'in da uku. Na je matakala, goma sha huɗu a bushe. Na dawo na tsaya gaban allo har rana ta fito, allin ya jiƙe a hannuna. Auta ya yi gaskiya, Baba ya ce in rubuta abin da na gani. Abu biyu na gani. Sai na rubuta layi uku.

Turke, 43.
Matakala, 14 a bushe.
A littafin Baba, 34.

Ban tafi gida ba. Na zauna a gindin allon, abin da ban taɓa yi ba.

Mai masauki ce ta fara zuwa. Ta karanta, ta sunkuyo, murya ƙasa ƙasa. "Malama, wannan wane irin rubutu ne? Allo ai ba wurin wa'azi ba ne. Kawo in goge miki na ƙasan." Ta kama bakin mayafinta.

Na ce, "Ki goge, Hajiya. Ina da alli."

Ba ta goge ba.

An fara shigar da tsofaffi, an zaunar da kusan ashirin a kan bencuna, kafin direban ya zo duba allo. Ya karanta sau biyu. Fara'ar ta tafi.

"Malama, wanne zan ɗauka?"

Mutane sun taru. Na ji idon gari duka a wuyana. Direban ya matso kusa.

Na ce, "Dutse ba ya motsi."

Auta ya ce, "Yaya!" Wani daga baya ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Wani ya ce ai dama gidanmu ba ma son a ji daɗi tun zamanin Baba. Direban bai kula su ba, ya ce a ba shi kwale-kwale da gora. Babu wanda ya motsa. Sai Gwaggo, da aka riga aka zaunar ta dama, ta ɗaga murya.

"Auta, ɗan banza, kai mutumin nan. Kuma ku sauke ni, ni ma da ni za a. In ƙarya 'yar nan ta yi, ni zan fara faɗa."

Suka tafi su uku. Muna kallo suka karkata hagu, suka yi kwana. Sai Auta ya tsayar da jirgin. Direban ya zura gora. Daga gaɓa ma mun ga ba ta shiga ba. Sannan muka ga Gwaggo ta naɗe hannun riga ta sunkuya, Auta yana riƙe da ƙugunta. Ta daɗe a haka.

Da suka dawo hannunta a jiƙe zuwa gwiwar hannu, yatsunta kore. Ta ce, "Katangar gabas ce. Na san dutsen." Ba ta ƙara cewa komai ba, kuma Gwaggo ce.

Direban ya sauke mutane da bencuna ya kunna injinsa. Kafin ya tafi ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Da bai yi ba, don a gaban mutane ne.

Auta ya tara mutanensa suka yi ta jigila da kwale-kwale, uku uku, ta hanyar kasuwa, har rana ta faɗi. Waɗanda suka je sun taɓa katangar, sun dawo suna kuka suna dariya. Amma ba su kai rabi ba. Sauran sun zauna a matakala suna jira har motoci suka yi ta hon.

Wan maigida bai shiga ba. An roƙe shi, ya ce ya faɗa tun jiya. Ya zauna a kan bencin gaba, a gaɓa, ya ba ruwa baya. Maigida yana tsaye kusa da shi wuni guda. Motar su wan ce ta fara tashi.

Maigida bai ci abincin dare ba.

Litinin, bayan asuba

Turke, 42. Matakala, 14.

Ban ji ƙofa ba yau.

Talata, da hantsi

Turke, 41.

Mai shayi ya ga ina zuwa ya sunkuya yana gyara wuta. Matan matakala sun amsa sallamata a taƙaice. Babu mai gaishe ni sau biyu yanzu, ɗayar ma da ƙyar. Na mayar wa mai masauki ledarta, ba ta nan, na bar wa mai shara.

Auta ya wuce ni a hanya, ya yi gaba, ya dawo. "Yaya, wallahi ba ni ba ne."

Na ce na sani.

"Amma na sani na yi shiru."

Na ce ni ma.

Laraba, bayan la'asar

Turke, 40. Ko turken ma ya kai jan zane.

Kwana uku ke nan maganarmu da maigida ba ta wuce ga abinci, na gode. Yana ɗakin aiki, amma ba na jin zarto. Bencuna goma suna jingine a bango. Gwaggo ta ce gidan ya yi shiru kamar an kai amarya an dawo. Ta daina tambayata lamba. Hannunta take shinshinawa, wai har yanzu yana warin garinsu.

Ban san ko zai yafe mini wansa ba. Ban san ko ni ce ya kamata in nema ba. Na yi ta duba abin ta kowane gefe, kowane gefe akwai mutum ashirin a kan benci.

Alhamis, da hantsi

Na fito bayan asuba na sami maigida a ƙofar gida, da igiya a kafaɗa da dogon ƙarfe a hannu. Ya bi bayana. Gari ya waye sosai, mutane suna ganinmu. Bai bi ta bayan gidaje ba, ta gaban mai shayi muka wuce.

A mashiga ya naɗe wando ya shiga ruwa. Ya ɗaure turken, ya girgiza shi har lakar ta sake shi, ya miƙo mini bakin igiyar in riƙe. Baƙar laka har gwiwarsa.

Ya ce, "Malama, nawa za a ɗaga?"

Na buɗe littafin Baba, ko da yake na haddace shafin. Na ce, "Matakala uku ne. Zane tara."

Ya daɗe yana kallon kan turken, inda fentin ya ɓare katakon ya baje.

Ya ce, "Goma ne."

Na ce to.

Muka ɗaga goma. Ya cusa duwatsu a gindi ya daddanna da ƙafa. Na miƙa hannu na rataye jakar alli ban sunkuya ba.

Ashirin da tara.